Take it with a pinch of salt

Take it with a pinch of salt salon magana ne na Turanci da ake faɗa wa mutum in ana so ya ji labari amma kar ya haɗiye shi duka. Fassarar kai tsaye ita ce ka karɓe shi da ɗan gishiri, wato iya abin da yatsu biyu za su tsakuro. A Ingila pinch aka fi cewa, Amurkawa kuma grain suke cewa, wato ƙwaya ɗaya tak, ma'anar dai ɗaya ce.

Ba wai an ƙaryata maganar ba ne fa, a'a, shakka ce kawai, kamar dai Bahaushe ya ce da walakin goro a miya. Misali ɗan siyasa ya yi alƙawari lokacin kamfen, ko dillali yana ta koɗa motar da yake so ya sayar, ko wani labari da ake ta turowa a WhatsApp ba a san tushensa ba, sai Bature ya ce maka a karɓa da ɗan gishiri.

Asalinsa yawanci ana kai shi ga Pliny Babba, marubucin Rum da ya mutu a aman dutsen Vesuvius a shekara ta 79 miladiyya. A littafinsa na ilimin halittu ya kawo wani haɗin maganin guba da aka ce Pompey, wani babban kwamandan yaƙin Rum, ya tsinto cikin takardun Mithridates sarkin Pontus, wata tsohuwar daula a yankin Turkiyya ta yanzu. Haɗin shi ne walnat (wani ɗan itace mai ɓawo) busasshe 2, ɓaure 2, ganyen wani tsiro guda 20, a daka a ƙara ƙwayar gishiri a ci da safe kafin a karya. Shi Pliny gishirin gaske yake nufi, ma'anar shakkar daga baya ta shigo, da Latin ana cewa cum grano salis, a Turanci kuma tun ƙarni na 17 ake ganinsa a rubuce.

Inda mai jin Hausa kan ruɗe shi ne, mu a wajenmu in an ce wane ya ƙara wa labari gishiri to zuzutawa ya yi, gishirin na mai ba da labari ne. A Turancin kuma gishirin yana hannun mai sauraro, shi zai barbaɗa kafin labarin ya haɗiyu. In shakkar ta yi yawa har ƙara awon suke cikin raha, ka ji an ce ai wannan sai da bokiti guda na gishiri.