Dokin Turoya: daga labarin Girkawa zuwa cikin wayarka

Manhajar da ke tsaron kwamfuta ko waya takan yi ƙara wani lokaci, ta nuna jan rubutu cewa ta cafke Trojan. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta ma suna haddace kalmar a jerin miyagun manhajoji, su rubuta a jarrabawa su ci maki, alhali da yawansu ba su san maganar doki ake yi ba. Cikakken sunan shi ne dokin Turoya. Ana faɗarsa ga duk wani abu mai kyan gani da aka ɓoye sharri a cikinsa, wanda mai gida da kansa zai buɗe ƙofa ya shigo da shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan ma'anar, kuma ba ya zama a kan ɗalibi sai an ba shi labarin tun daga tushe.

Ga yadda Girkawan dā suke ba da shi. Faris, ɗan Sarki Firiyam na birnin Turoya, ya gudu da Helen, matar Menelayas sarkin Sparta. Sarakunan Girka suka yi gayya ƙarƙashin Agamemnon, ɗan'uwan mijin, suka haye teku suka yi wa birnin ƙawanya. Shekara 10 ana gwabzawa, ganuwa ta ƙi cinyuwa. Da ƙarfi ya gaza, sai Odisiyas, wanda ya fi kowa wayo a cikinsu, ya kawo dabara, don dama yaƙi ɗan zamba ne. Wani masassaƙi mai suna Efiyas ya ƙera ƙaton doki na katako mai rami a ciki, zaɓaɓɓun mayaƙa suka shige aka rufe. Sauran rundunar suka ƙone sansaninsu, suka hau jirage kamar sun haƙura, suka je suka laɓe a bayan tsibirin Tenedos.

Gari ya waye, mutanen Turoya suka fito suka ga fili fayau, sai doki tsaye a bakin teku. A nan labarin ya fi daɗi, a nan kuma malamai suka fi yin sauri su wuce. Mutanen nan ba wawaye ba ne, sai da aka yi musu aiki. Girkawa sun bar wani mutum, Sinon, don a kama shi da gangan. Ya yi ta kuka yana cewa 'yan'uwansa ne suka so yanka shi ya tsere. Da aka tausaya masa, sai ya ce dokin hadaya ce ga Atina, abar bautarsu, kuma an yi shi da girma haka ne don kada ya shiga ƙofar birni, domin in ya shiga, kariyar Atina za ta koma kan Turoya. Dubi yadda ya ɗana tarkon. Bai ce a shigar da dokin ba. Cewa ya yi abokan gaba ba sa so a shigar, ya bar kwaɗayi ya ƙarasa sauran.

An yi gargaɗi kuwa, har sau biyu. Lawokun, wani limamin bautarsu, ya ce bai yarda da Girkawa ba ko da kyauta suka zo, ya ɗauki mashi ya soki cikin dokin har ya yi amo irin na abu mai rami. Ba a jima ba wasu manyan macizai biyu suka fito daga teku suka nannaɗe shi da 'ya'yansa biyu suka kashe, jama'a suka ce alhakin dokin ne ya kama shi. Kasandara, 'yar sarki, ita ma ta faɗa, amma an yi mata baki cewa duk gaskiyar da ta hango ba wanda zai yarda. Suka sa igiya suka ja, har suka rushe wani sashe na ganuwarsu don ya samu hanya. Sau huɗu yana cijewa a bakin ƙofa, sau huɗu makamai suna ƙara a cikinsa, kiɗa da murna suka hana su ji. Dare ya raba, an sha an yi barci, Sinon ya buɗe dokin, mayaƙa suka sauko suka buɗe wa rundunar da ta dawo ƙofofi. Kafin asuba birnin yana ci da wuta.

Akwai kuskuren da ke yawo a azuzuwa, wai labarin dokin yana cikin Iliyad, waƙar Homa, mawaƙin Girkawan dā, kan wannan yaƙi. Babu shi a ciki, waƙar ta ƙare ne da jana'izar Hekta, jarumin Turoya, tun birnin bai faɗi ba. Ɗaya waƙar Homa, Odisi, ta ambace shi a taƙaice, ciki har da wurin da Helen ta zagaya dokin sau uku tana kwaikwayon muryoyin matan mayaƙan, Odisiyas ya toshe bakin wanda ya so amsawa. Sinon da Lawokun da macizan, yadda aka fi saninsu yau, daga mawaƙin Rum ne, Birjil, wanda ya rasu a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma labarin ya girme shi nesa. A tsibirin Mikonos an tono wata randa ta wajen shekara ta 670 kafin haihuwar Annabi Isa, an zana dokin a wuyanta da ƙafafun gurgura da 'yan tagogi, kawunan mayaƙa suna leƙowa.

Ɗalibi mai kaifin kai zai tambaya: da gaske an yi? Birnin dai yana nan. Kufansa yana tudun Hisarlik a lardin Canakkale na ƙasar Turkiyya, inda Bajamushen nan Heinrich Schliemann ya yi tono a shekarun 1870, aka gano garuruwa tara a jere, wani bisa wani. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1998. Dokin kuwa ba a taɓa samun ko ƙusarsa ba, kuma tun ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa marubucin Girka Fausaniyas ya ce a ganinsa na'urar fasa ganuwa ce aka ba wa sunan doki. Batun gumaka da ke cikin labarin, wanda kan sa wasu iyaye ɗari-ɗari, malami ya faɗa a fili tun farko cewa abin da mutanen wancan zamani suka yi imani da shi ake karantawa don a fahimci tarihinsu da adabinsu, ba aƙida ake koyarwa ba. A ganina wannan ya fi tsallake sunayen, don in aka cire Atina, ƙaryar Sinon ba ta da wurin tsayawa.

Masana kwamfuta sun ari sunan tun shekarun 1970, kuma sun yi aron daidai. Ƙwayar cutar kwamfuta da aka sani tana hayayyafa ta yaɗu da kanta. Dokin Turoya ba ya haka, yana zaune yana jiran ka sauke shi ka danna "na yarda". A 1989 wani ya aika fayafai kimanin 20,000 ta gidan waya da sunan bayani kan cutar ƙanjamau. Duk wanda ya sa a kwamfutarsa, bayan ya kunna ta sau 90 sai ta kulle, a nemi ya aika dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. A 2007 aka gano wani mai satar bayanan banki, aka kuma laƙaba masa sunan Zeus, shugaban gumakan Girkawa. Yau yakan zo ta WhatsApp a siffar manhajar rance ko fom ɗin tallafi, tare da saƙon cewa a yi sauri kafin a rufe. Wannan saƙon shi ne Sinon. Tambayar da wayar kan yi, ko ka amince manhajar ta karanta saƙonninka, ita ce cijewar dokin a bakin ƙofa.

'Yan siyasa da 'yan jarida ma suna amfani da kalmar, sai dai sukan haɗa ta da wani abu dabam. In ɗan jam'iyya ya sayar da 'yan'uwansa, wannan da ɗan gari akan ci gari ne, ba doki ba. A labarin da aka kawo a sama babu ɗan birni ko ɗaya da ya ci amana. Kalmar ta dace ne da wanda ya sauya sheƙa aka tarbe shi da ganga alhali aiko shi aka yi, ko wani sakin layi da aka cusa cikin ƙudirin doka mai farin jini, 'yan majalisa suka amince da shi hannu bibbiyu ba su karanta shafin da yake ba.