Mece ce "alamar rai" da masana sararin samaniya ke nema?

A watan Afrilun 2025 labari ya karaɗe wayoyi, daga Samaru har Tudun Wada, wai an gano halittu a wata duniya mai suna K2-18b. Abin da masanan jami'ar Kambirij suka faɗa bai kai nan ba: cewa suka yi sun ga wata alama a iskar duniyar da ka iya nuna akwai rai. Kalmar da ake amfani da ita a Turance ita ce biosignature, mu kuwa sai mu ce alamar rai. Ma'anarta wata iska, ko sinadari, ko tabo a jikin dutse, wanda abu mai rai kan bari, kuma da wuya ya samu ta wata hanya daban. Kamar mafarauci ne ya ga sawu a bakin rafi: ya san wani abu ya wuce, amma bai ga dabbar da idonsa ba.

To yaya ake gane iskar duniyar da haske ma sai ya yi shekara 124 kafin ya iso mana daga can? Duk wadda ta taɓa zubar da gishiri a kan wutar gas ta ga harshen ya koma rawaya. Kowane sinadari yana da launukan da yake fitarwa, kuma su ɗin yake shanyewa idan haske ya ratsa shi. K2-18b tana zagaye tauraronta cikin kwana 33. Idan ta gifta ta gabansa, ɗan kaɗan daga hasken yakan ratsa iskarta, kamar yadda rana ke ratsa hazo lokacin hunturu har launinta ya sauya. Na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba a Disambar 2021 da madubi mai faɗin mita 6.5, tana warware hasken nan kamar bakan gizo. Launin da ya ragu shi ke tona asirin iskar da ke can.

Masana sun fi amincewa da iska biyu da ba sa zama lafiya tare. Kashi 21 cikin ɗari na iskarmu oksijin ne, ga kuma metan, wadda ke fita daga cikin shanu da ruɓaɓɓen juji. Metan ba ta wuce shekara goma sha wani abu a sama kafin ta lalace. Idan aka tarar da su biyun da yawa, akwai abin da ke ƙaro su kullum, mai yiwuwa abu mai rai. Oksijin shi kaɗai ba hujja ba ne, domin hasken tauraro na iya fasa tururin ruwa, haidurojin ya tsere, oksijin ya taru ba tare da ko ganye ɗaya ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙarfin awo. A K2-18b an ce an ga DMS, iskar da ƙananan tsirran teku ke fitarwa a duniyarmu, a matakin da ake kira sigma 3. Wato akwai yiwuwar kusan uku cikin dubu cewa hayaniyar na'ura ce kawai. Ƙa'ida sai an kai sigma 5, ƙasa da ɗaya cikin miliyan. Wasu masanan da suka sake tace bayanan ba su ga alamar da wannan ƙarfin ba. Haka aka yi a 2020 da Zara matar wata, wato duniyar Venus, lokacin da aka sanar da ganin iskar fosfin, wadda ita ma ake ɗauka alamar rai, a gajimarenta, daga baya wasu suka ce mai yiwuwa iskar farar wuta ce aka ɗauka a madadinta. Ɗan jaridar da ya rubuta "an gano" a irin wannan mataki ya yi azarɓaɓi.

A duniyar Mars aikin ya bambanta, don ana taɓa dutsen kai tsaye. A Yulin 2024 motar bincike ta Perseverance ta ci karo da wani dutse a kwarin Jezero mai ɗige-ɗige kamar fatar damisa, ɗauke da ƙarfe da fosfet, irin abin da ƙwayoyin halitta kan bari a laka. Zafi da wasu sinadarai ma na iya yin hakan. Motar ta huda dutsen ta rufe samfurin a cikin bututu, kuma na'urorin da za su raba gardama suna nan ɗakunan gwaji na duniyarmu, samfurin kuwa yana can Mars.