Kumburin Hannu Bayan Cire Kaluluwar Hammata

Idan likita zai yi wa mace aikin sankarar mama, sau da yawa yakan haɗa da kaluluwar hammata ya cire, domin nan cutar take fara sauka idan ta bar nono. Aikin kaluluwa shi ne tace ruwan da ke tsattsafowa cikin tsoka kafin ya koma jini, kuma a cikinta fararen ƙwayoyin jini suke tare ƙwayoyin cuta.

Mata da yawa suna tambaya ko garkuwar jikinsu ta karye ke nan. Ba ta karye ba, domin akwai ɗaruruwan kaluluwa a wuya da ƙirji da ciki da matsematsi, na hammata ɗaya kuwa yawanci tsakanin 20 zuwa 40 ne. Hannun ɓangaren da aka yi wa aiki shi ne kariyarsa take raguwa, kuma tun da an yanke wa ruwan hanya, yana iya taruwa ya kumbura shi. Kusan mace 1 cikin 5 da aka kwashe wa kaluluwar hammata takan gamu da wannan, musamman idan an yi mata gashin sankara da hasken na'ura a wurin ko tana da ƙiba. Kumburin yakan jira watanni, wani lokaci shekaru, kuma da nauyin hannu yake farawa, sai zobe ya ƙi fita, awarwaro ya bar shaida a fata.

Abin da ya fi damun mu ma'aikatan lafiya shi ne kai irin wannan hannu wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga da sunan fitar da mugun jini. Ba jini ne ya taru ba, kuma kowane yanka ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta a wurin da ba shi da mai gadi. Maganin sa fitsari ma ba ya sauke shi.

A riƙa wanke hannun, a shafa masa mai, ko da man kaɗanya ne, don kada fatar ta tsage lokacin hunturu, a kuma kiyaye ƙuna da yankan wuƙa wajen girki. A ci gaba da motsa shi yadda likitan gashin ƙashi ya nuna, a sanya safar hannu mai matsewa wadda aka auna a asibiti. Kumburin ba ya warkewa gaba ɗaya, amma yana raguwa sosai idan an tare shi da wuri. Ranar da hannun ya yi ja, ya ɗauki zafi, ko zazzaɓi ya biyo baya, a je asibiti a ranar, kada a kwana.