Waiwaye: daga sitacin mai guga zuwa ledar da ke ruɓewa

Jiya na kai shadda wurin mai wanki da guga a unguwarmu nan Yamai, na tarar ya dama sitacin rogo da ruwan zahi, wanda ya bushe a bakin roba yana ɓantarowa shara-shara kamar leda. Na ce mishi malam ka san wannan abin Turawa sun hi shekara 50 suna yankar mishi takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake ce ma brevet, ba na jarrabawar kolej ba hwa, sai ya yi dariya ya ce to shi wa zai biya shi.

Matsalar sitaci guda ce tun asali, son ruwa gare shi, in ya jiƙe ya narke in ya bushe ya tsage, duk takardun nan a kan wannan suke ta kai-kawo. A shekarun 1970 wani Bature a Ingila, Gerald Griffin, ya yi rajistar dabarar cuɗa ɗan sitaci cikin leda ta man fetur. An yi ta talla wai tana ruɓewa, ashe sitacin kaɗai ƙwayoyin ƙasa ke cinyewa, robar ta marmashe ta zauna nan, wato an gudu ba a tsira ba. A lokacin kuma ɗakin binciken ma'aikatar noma ta Amurka da ke Peoria ya haɗa sitacin masara da wani sinadari ya hito da Super Slurper, gari ne mai shan ruwa ninki ɗaruruwa na nauyinshi.

Inda aka yi nisa Italiya ce. Kamfanin Novamont da ke Novara ya dahe sitaci da zahi da matsi har ƙwayar sitacin ta wargaje, ya gauraya da roba mai ruɓewa ta gaske, shi ne Mater-Bi. Shugabar kamfanin Catia Bastioli ta samu kyautar mai ƙirƙira ta Turai a 2007, 2011 kuma Italiya ta hana ledar kanti wadda ba ta ruɓewa, kasuwa ta buɗe musu.

Mu ma an yi doka a Nijar a 2014 ta hana shigo da leda da saida ta, amma je ka leƙa kwarin Gounti Yéna da ke ratsa Yamai da damina ka ga leda, ko ka tambayi mahauta abin da suke zaƙulowa daga tumbin akuya. An hana abu ba a kawo madadinshi ba, mai tumatir a kasuwar Katako ba za ta zuba ma mutum a hannu ba ai.

Takardar mallakar ƙirƙira irin wannan shekara 20 take yi ta mutu, haka yake ko a OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta ƙasashen Afirka da ke Yawunde, inda Nijar take mamba, kenan dabarun su Griffin da na farko-farkon Novamont yanzu na kowa ne. Masu curin gawayi da ke ɗaure garin da kunun rogo sun riga sun kama hanya ba tare da wata takarda ba. Leda ce dai ke son injin da lantarki mai tsayawa, ga rogon ma mutane na jira su ci shi da ƙuli.