Na'urar kumfa da mafakar ciyawa a tankin murjani

Na'urar kumfa da mafakar ciyawa hanyoyi biyu ne na tsabtace ruwan gishiri a tankin gilashin da ake kiwon murjani mai rai (halittar teku mai gina ƙashi kamar dutse) da kifin teku. Masu wannan kiwo sun daɗe suna muhawara a kan ko wanda ya girka mafaka yana da sauran bukatar na'urar, ko kuwa ɗaya tana ɓata aikin ɗaya.

Dattin tanki daga abinci yake farawa. Ragowar abin da aka zuba, da kashin kifi, da yauƙin da murjani ke fitarwa, duk suna narkewa cikin ruwa. Ƙwayoyin bakteriya su mai da shi sinadarin amoniya, sannan nitirit, sannan nitirat, fosfat kuma ya taru a gefe. Idan nitirat da fosfat suka yi yawa gansakuka na rufe duwatsu, fosfat kuma yana rage wa murjani saurin gina ƙashinsa.

Yadda na'urar kumfa take aiki

Bututu ne tsayayye da famfo ke cusa wa ruwa gauraye da ƙananan ƙwayoyin iska. Wasu sinadaran datti, irin su furotin da maiƙo, suna da gefen da ba ya shiri da ruwa, sai su manne a jikin ƙwayoyin iskar. Kumfa ya hau ta wuyan bututun ya zube cikin kofi. Abin da ake tararwa a kofin ruwa ne mai kauri, launinsa kamar shayin farko, warinsa kuwa ba ya ɓoyuwa, ga wani baƙin laka da ke liƙe a wuyan wanda sai an goge shi kafin kumfa ya koma hawa da kyau. A ruwan gishiri dabarar take ci sosai, domin gishiri na hana ƙananan ƙwayoyin iska haɗewa su zama manya. Wannan ya sa ba a cika ganin na'urar a tankin kifin kogi ba.

Amfaninta shi ne tana kwashe datti tun bai ruɓe ba. Sai dai ba duka take kwashewa ba: gwaje-gwajen da Ken Feldman, malamin kimiyyar sinadarai a jami'ar jihar Pennsylvania ta Amurka, ya wallafa wajen 2009 da 2010 sun nuna kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari na narkakken dattin kawai take iya fitarwa. Aikinta na biyu, wanda ake yawan mantawa da shi, shi ne shigar da iskar oksijin cikin ruwa.

Mafakar ciyawa

Mafaka ƙaramin ɗaki ne, galibi a tankin ƙasa (tankin da ake ajiyewa a ƙarƙashin babban), da ruwan babban tanki ke ratsawa amma kifi ba ya shiga. Ana kunna mata fitila ana shuka ciyawar teku. Wadda aka fi so ita ce Chaetomorpha, dunƙulen koren zare mai kaushi. A da an fi amfani da Caulerpa, amma tana da halin farfashewa farat ɗaya ta mayar wa ruwa duk abin da ta sha. Wani nau'inta ne ma, Caulerpa taxifolia, aka gani a gaɓar Monako a 1984 kafin ya bazu a tekun Bahar Rum.

Ciyawar tana shan nitirat da fosfat ta yi girma, amma dattin bai bar tanki ba sai ranar da aka yanki wani ɓangarenta aka zubar. Cikinta ƙananan halittu irin kofefod ke hayayyafa, ruwa ya riƙa kwaso su zuwa babban tanki, kifin mandarin kuwa kusan da su kaɗai yake rayuwa. Yawanci da dare ake kunna fitilar mafaka, lokacin da babban tanki ke cikin duhu, don ciyawar ta shanye iskar kabon ta hana ruwa yin tsami kafin asuba.

Asalin saɓanin

Tsarin Balin, mai sunan birnin Berlin, wanda masu kiwo a Jamus suka inganta tun shekarun 1970, Peter Wilkens na cikin masu yaɗa shi, ya dogara ga dutse mai rai (dutsen teku mai ɗauke da bakteriya da ƙananan halittu) da haske mai ƙarfi da na'urar kumfa. A Amurka kuma Walter Adey na cibiyar Smithsonian ya nuna ana iya riƙe murjani da gansakuka a matsayin abin tace ruwa, daga baya Leng Sy ya fito da tsarin laka da Caulerpa ba tare da na'urar ba. Kowane tsari ya raya murjani.

Masu cewa a cire na'urar suna da hujja biyu: tana kwashe ƙananan halittu da bakteriyar da murjani ke ci, kuma tana rage wa ciyawa abinci. Hujja ta biyu ta fi nauyi. Idan kifi kaɗan ne, na'ura babba, ciyawa mai yawa, nitirat da fosfat kan sauka har ma'auni ya kasa ganinsu. Nan ciyawar take yin fari ta narke, murjani ya koɗe, wasu ƙwayoyi masu guba da ake kira dinofilajelat su samu fili. Maganin wannan ba lallai ne cire na'ura ba. Ana iya ƙara abinci, ko rage awannin fitilar mafaka, ko a saita na'urar ta riƙa fitar da busasshen kumfa kaɗan. A tanki mai kifi da yawa kuwa tambayar ba ta ma tasowa, biyun tare ba sa rasa aiki.

A yanayin Yamai

Ga mai son wannan kiwo a Yamai, zafi ne ke yanke hukunci. Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, ya daɗe sama da 30 sai ya fara fari, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin gari na haura 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa, ciyawa kuma idan fitilarta ta mutu ita ma shaƙar oksijin take yi. Saboda haka barin tanki ga mafaka kaɗai kasada ce a nan, ko da famfon na'urar na ƙara ɗan zafi. Idan aka ɗauke wuta dukkansu tsayawa suke, shi ya sa ƙaramin famfon iska mai batir ya zama dole. Da wuta ta dawo kuma kada a bar na'urar ta tashi nan take, domin ruwa ya taru a tankin ƙasa, kofin zai cika ya yi ambaliya. A jira ƴan mintoci ruwan ya koma matsayinsa.

Na'urar kumfa iskar ɗaki take zuƙa, da duk abin da ke cikinta: ƙurar hunturu, hayaƙin turaren wuta, da maganin sauro na fesawa, wanda kan kashe jatan lande da kofefod. Akan sa auduga da gawayin tace ruwa a bakin bututun iskar, a kuma kashe na'urar kafin a yi feshi.

Ƙafewar ruwa ma tana da sauri a busasshiyar iskar Sahel. Gishirin ya kamata ya tsaya kusan giram 35 a lita, sai a riƙa cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri. Amma abin da kofin na'ura ya fitar ruwan gishiri ne, da ruwan gishiri ake mayar da shi. Gishirin Bilma ko na girki ba ya wannan aiki, sai haɗaɗɗen gishirin teku da ake shigowa da shi daga waje, mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam daidai gwargwado.