Fulorayid a ruwan sha: abin da ya kamata iyaye a jihar Maraɗi su sani

A wurin awon yara, duk lokacin da maganar ruwa ta taso, iyaye mata kan ce ruwan fanfonsu garau yake, ba shi da wari kuma ba shi da ɗanɗano, don haka ba su da fargaba a kansa. Suna da gaskiya ta fuska ɗaya, domin ruwan rijiya mai zurfi da aka haƙa da inji ya fi na tabki da na buɗaɗɗiyar rijiya nesa ba kusa ba wajen kare yara daga zawo, kwalara da taifot. Sai dai akwai wani sinadari mai suna fulorayid, wanda a takardun gwajin ruwa na ƙasarmu ake rubuta shi da Faransanci fluor ko fluorures, da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, harshe kuma ba ya ganewa ko da ya yi yawa.

Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ruwan da ya daɗe kwance a can ƙasa yana narkar da shi a hankali, shi ya sa aka fi samunsa a rijiyoyi masu zurfi, kuma rijiyoyi biyu da ke kusa da juna na iya bambanta ƙwarai idan zurfinsu ba ɗaya ba ne. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana da amfani, domin yana ƙarfafa farin ɓawon haƙori yana rage ruɓewa. Wannan ne dalilin da ya sa birnin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba shi da gangan a ruwan fanfo a 1945, kuma ma'aunin da hukumomin lafiyar Amurka suka ba da shawara a 2015 shi ne miligiram 0.7 a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 a lita, tare da jan hankalin ƙasashe su yi la'akari da yawan ruwan da mutanensu ke sha. Wannan jan hankalin ya shafe mu kai tsaye, domin a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yaro a Maraɗi yana shan ruwan da ya fi na yaron ƙasar sanyi yawa, kuma gwargwadon shan, gwargwadon abin da ke taruwa a jikinsa.

Ba sai mun je Habasha ko Indiya neman misali ba, ko da yake matsalar ta yi ƙamari a can. A Tibirin Gobir, nan kusa da birnin Maraɗi, ruwan rijiyar da aka fara amfani da ita a 1985 yana ɗauke da fulorayid fiye da ninki uku na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, kuma an shafe shekaru kusan 15 ana shansa kafin a daina. Ɗaruruwan yara sun tashi da lanƙwasassun ƙafafu, haƙora masu launin ƙasa-ƙasa da ciwon gaɓoɓi, kuma da yawansu yau manya ne da ke fama da nakasar da ba ta da magani. Iyayensu ba su yi sakaci ba. Ruwan da kowa ya ɗauka shi ne mafi tsabta a garin suka ba ƴaƴansu. A ganina, duk wanda zai haƙa rijiya a wannan jiha, gwamnati ce, ƙungiya ce ko mai hali da ke neman lada, wajibi ne ya san labarin Tibiri kafin ya kira masu inji.

Alamar farko a haƙori take bayyana. Haƙoran dindindin suna ginuwa a cikin dasashi tun daga haihuwa har zuwa kusan shekara takwas, kuma a wannan tsakanin ne fulorayid mai yawa ke ɓata su. Idan aka ɗaga leɓen yaro aka ga fararen ɗigo-ɗigo ko zane kamar na alli a haƙoran gaba, waɗanda daga baya ke komawa rawaya ko ƙasa-ƙasa, wani lokaci da ƙananan ramuka, to ya kamata a bincika ruwan gidan. Wannan tabon ya bambanta da na goro ko shayi, domin shi a cikin haƙorin yake, asuwaki da gawayi ba sa fitar da shi, yawan gogewa ma ƙara cinye haƙorin yake yi. Idan ma'aunin ya yi sama sosai kuma aka daɗe ana sha, sai abin ya kai ga ƙashi: baya da wuya su sanƙare, mutum ya kasa sunkuyawa, ƙafafun yaro su lanƙwashe ciki ko waje. Ba kowace lanƙwasar ƙafa ce daga ruwa ba, domin ƙarancin sinadarin ƙashi a abinci shi ma yana haddasa ta, saboda haka likita ne zai tantance. Amma idan yara da yawa da ke shan fanfo ɗaya suka nuna alama iri ɗaya, bai kamata a ɗora laifin a kan gado, sammu ko iskoki ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton tafasa ruwa yana maganin abin. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma fulorayid yana nan, kuma idan ruwan ya ƙone ya ragu a tukunya, ma'auninsa ƙaruwa yake yi. Haka nan ruwan jabel, ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs da tacewa da ƙyalle ba sa cire shi. Hanyoyin da ke cire shi, irin su matatar gawayin ƙashi, haɗin alif da farar ƙasa da aka auna daidai, ko injin tacewa na musamman, suna buƙatar ƙwararre da kulawa a kai a kai. Ruwan leda ma ba tabbas ba ne, sai an san rijiyar da aka ɗebo shi da irin tacewar da aka yi masa.

Abin da ke hannunmu shi ne gwaji. Kwamitin ruwa na kowane ƙauye ko unguwa ya nemi ma'aikatar ruwa ta jiha ta auna fulorayid kafin a buɗe sabuwar rijiya, a karanta sakamakon a gaban jama'a, a ajiye takardar wurin mai gari, sannan a riƙa sake gwajin lokaci zuwa lokaci. Idan fulorayid ya haura miligiram 1.5 a lita, ruwan yana da kyau ga wanka, wanki da alwala, amma na sha da na girki, har da damun fura da kunun yara, a nemo shi daga wata rijiyar da aka gwada, a fara da ƙananan yara da mata masu ciki. Kada tsoro ya mayar da kowa ruwan tabki, domin zawo yana kashe yaro cikin kwanaki.

Nonon uwa yana ɗauke da fulorayid kaɗan ƙwarai ko da uwar tana shan irin wannan ruwa, wanda ƙarin dalili ne na shayar da jariri nono zalla har wata shida. Bayan haka, nono, kindirmo, zogale da miyar kuka suna ba ƙashi abin da yake buƙata, kuma an lura cutar ta fi tsananta ga yaran da ba sa samun isasshen abinci. Man goge haƙori mai fulorayid ba abin gudu ba ne, tunda tofarwa ake yi. Ga yaron da bai kai shekara uku ba, a sa masa gwargwadon ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kuma gwargwadon ƙwayar wake, babba ya tsaya a kansa ya tabbatar bai haɗiye ba. Wanda ya ga alamun da aka ambata a jikin ɗansa ya kawo shi asibiti mafi kusa, ya kuma faɗa mana, mu ma'aikatan lafiya, rijiya ko fanfon da gidan ke ɗiba da tsawon lokacin da aka yi ana sha, domin mu sanar da ma'aikatar ruwa a je a auna.