Raunin Jijiyoyin Mayar da Jini na Ƙafa

Raunin jijiyoyin mayar da jini na ƙafa ciwo ne mai daɗewa, inda jinin da ya sauka ƙafa yake kasa hawowa zuciya yadda ya kamata, sai ya kwanta a ƙasa. A cikin waɗannan jijiyoyi akwai ƙananan marufai da ba sa barin jini ya bi ko'ina sai sama, tsokar sharaɓa kuwa ita ke matso shi duk sa'ad da mutum ya taka. In marufan suka saki, ko gudan jini ya taɓa toshe jijiyar da ke can cikin naman ƙafa ya lalata su, jini sai ya riƙa komowa baya.

Gado, tsufa, ƙiba da yawan ɗaukar ciki duk suna jawo shi, haka ma doguwar tsayuwa ko zama wuri guda. A Jos, mai shayi da mai suya da ɗan kasuwar Farin Gada da ke wuni kan kayan gwari suna cikin masu haɗarin. Tela mai keken ƙafa ya ɗan fi su sa'a, don sharaɓarsa ba ta hutawa.

Alamomi

Yakan fara da nauyin ƙafa da kumburin idon sawu da yamma, wanda ke saɓewa kafin safiya. Sannan jijiyoyi su fito ruɗu-ruɗu, ga ƙaiƙayi, fata ta yi duhu ta yi tauri saboda sinadarin ƙarfe da ke tsiyayowa daga jini. A baƙar fata wannan duhun ba ya saurin bayyana, shi ya sa ake makara. Ƙarshensa gyambo, galibi a gefen da ke kallon ɗaya ƙafar, sama kaɗan da idon sawu. Likitoci suna auna tsananin ciwon da wani ma'auni na shekarar 1994 da ake kira CEAP, daga mataki na 0 zuwa na 6, wato buɗaɗɗen gyambo.

Ba kowane kumburi ne wannan ba. Ciwon zuciya, ƙoda da tundurmi suna kumbura ƙafa, sikila da ciwon suga kuma suna kawo nasu gyambon. Hoton sikanin da ke nuna inda jini ya nufa shi ke rarrabewa.

Magani

Ginshiƙin magani matsi ne, ba man shafawa ba. Ana sa safar matsi tun da sassafe kafin ƙafa ta kumbura, yawanci mai ƙarfin 20 zuwa 30 a ma'aunin da ake gwada hawan jini. Gyambo kuwa bandeji mai kusan 40 yake so. Amma dole a fara tabbatar da cewa jijiyoyin da ke kawo jini ƙafar lafiya suke, in ba haka ba matsin na iya kashe nama. Sanyin Jos taimako ne a nan, domin safar ba ta damun mutum kamar a zafin Abuja, sai dai hunturu na tsattsage fata, don haka a yawaita shafa mai.

Tafiya a ƙasa, rage ƙiba da ɗora ƙafa kan matashi har ta fi ƙirji tsayi suna sauƙaƙa kumburi. Tsaga da sakiya kuwa ƙofar gyambo suke buɗewa. In jijiyar kusa da fata ce ta lalace, ana rufe ta da zafin leza ko allurar kumfa, ko a cire ta da tiyata, jinin ya koma bi ta jijiyoyin ciki. Ko gyambo ya warke ba a ajiye safa, don yakan dawo.